Shirun da Na Yi a Kurmin Rafin Gora

Wata huɗu ke nan da dawowarmu daga duwatsun Riruwai, amma har yau ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya leƙo shagona a kasuwar Kafin Maiyaƙi, kafin ya miƙo yadi sai ya ce, "Ɗanlami, wai da gaske kallon tsuntsu ne ya kai ku har bayan Doguwa?" Na ba da labarin nan har ya fara yin ƙafa da kansa. Shekaranjiya da kunnena na ji wani yana rantsuwa wai zaki ya biyo mu. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da taka kekena.

Ƙanwata Hadiza ce ta ja mini. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun halittu, kuma aikin da aka ba ta na fita shi ne ta rubuta yadda tsuntsaye iri daban-daban suke haɗuwa su yi kiwo tare a kurmin kan dutse, kamar ayari. Lokacin da 'yan ajinsu suka yi nasu aikin ita tana kwance, zazzaɓi ya kusa kai ta lahira. Da ta miƙe, malaminta ya ara mata madubin hange ya ce ta kawo masa ranar Asabar, akwai mai jira. Ya ce in ta ga ayarin ko sau biyu ne ta rubuta shi daki-daki zai karɓa, in ba ta gani ba sai dai ta maimaita shekara. A layinmu kuwa akwai masu jiran wannan rana, waɗanda tun farko suke cewa Baba ya ɓata wayonsa da ya kai mace jami'a.

Baba ya ce ba za ta shiga daji ita kaɗai ba, ni zan raka ta. Hadiza ta durƙusa ta ce, "Baba, Yaya Ɗanlami fa? Aikin nan shiru yake so."

Baba ya ce, "To shi kurma zan nemo miki? Yayanki ne, ku tafi."

Na ji haushin maganarta ƙwarai. Ni dai a sanina ba ni da surutu, gaisuwa ce ba na wasa da ita, kuma ba na ganin mutum in ƙi tambayarsa mutanen gida.

Ranar Litinin da hantsi muka hau kiya-kiya zuwa Tudun Wada. Hadiza ta ce in sa kaya masu duhu, na ce to, na fito cikin farar shadda ɗinkin hannuna, da hula zanna. Tela ba ya zuwa baƙon gari da tsumma, rigarsa ce tallarsa. Ta dube ni sama da ƙasa. A Tudun Wada muka sauya zuwa a-kori-kura mai ɗauke da buhunan taki da mutum goma sha wani abu a kai. Direban yana da kaset ɗaya tak, shi ma zarensa ya miƙe, mawaƙin yana jan murya kamar mai ciwon haƙori. Kafin mu kai bakin dajin Falgore na san sunan kowa a motar da abin da zai kai shi inda za shi.

A bakin dajin akwai shinge na ma'aikatan gandun daji. Wani dogo mai kakin da ya koɗe ya sa aka sauke jakunkuna. Da ya zaro madubin Hadiza sai fuskarsa ta canza.

"Malama, wannan fa? Na hango namun daji ne, ko? Ina bindigar?"

Hadiza ta miƙa masa takardar makaranta, ya riƙe ta yana juyawa. Na ce, "Yallaɓai, gwada ka gani, ba ya cizo." Ya kafa a ido ta baya, ya ce ai wannan nesanta mutum yake yi. Hadiza ta juya masa shi. Sai ya yi tsit, ya nufi wata bishiya can nesa, ya kwashe da dariya, ya ƙwala kira: "Kai Garba! Na gan ka! Kai da ka ce za ka zaga, ashe barci ka je yi!" Da ƙyar muka karɓi madubin nan, sai da abokan aikinsa uku suka leƙa Garba ɗaya bayan ɗaya. Ya sallame mu har da addu'a.

Cikin dajin motar ta yi zafi, aka tsaya zuba mata ruwa. Na ajiye burodina a kan dutse ina wanke hannu, wani ƙaton biri ya sauko ya ɗauka ya koma gefe ya zauna yana ɓare leda, yana kallona kamar ni ne na zo wurinsa roƙo. Mutanen mota suka yi ta yi mini jaje suna dariya.

A Doguwa muka yi azahar, muka ci dafaffiyar masara, muka hau babura biyu zuwa Riruwai. Daga nan sai ƙafa, tafiyar kusan awa ɗaya ana hawa, ana ratsa tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika. Ni mutumin fili ne, a wajenmu in ka tsaya a gona kana hango mai zuwa tun yana ɗan mitsitsi. Can kuwa sai ka ji sallamar mutum a bisa kanka kafin ka gan shi. Gab da magariba muka isa Rafin Gora, ƙauye ne na gida talatin ko ƙasa da haka a gindin dutse, kurmin yana sama da shi.

Mai unguwar garin, Malam Bawa, tsohon abokin Baba ne tun suna fataucin masara. Dattijo ne siriri mai farin gemu, yana dogara sanda amma ya fi ni saurin hawan dutse. Da ya karanta wasiƙar Baba sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"'Ya'yan Alhaji Sule a gidana! Yau na yi baƙi. Me kuke so a garin nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye muka zo nema."

"Tsuntsaye? Shi ke nan? Ku kwantar da hankalinku."

Da na san abin da wannan magana za ta haifar, da na bar Hadiza ta yi bayani da bakinta. Aka kai ta cikin gida wajen iyali, ni aka ba ni ɗakin zaure da gadon kara da wani tsohon bargo ruwan ƙasa. Aka kawo gwaten acca da yakuwa. Mu a gida abin da ake sha da cokali ba ma kiransa abincin dare, don haka na shanye na zauna jiran tuwo, har aka zo aka ɗauke kwanon aka ce a tashi lafiya. Ruwansu kuwa daga dutse yake fitowa, in ka yi alwala da shi sai ka ji har cikin haƙoranka.

Talata da sassafe muka fito za mu hau kurmi, sai muka tarar da ƙofar gida cike. Sarkin baka ne, shugaban maharban garin, da mutanensa kusan ashirin, da karnuka, da mai ganga, da mai busa ƙaho. Mai unguwa yana tsaye yana murmushi.

"Baƙona ba ya shiga daji kamar maraya. Ga su nan, duk tsuntsun da ke dutsen nan za su taso muku shi."

Hadiza ta matso ta ce a hankali, "Yaya, ka yi magana."

Yaya zan yi magana? Dattijo ya tara jama'a don girmama ubanka, ka ce a watse? Na ce mun gode, Allah ya ƙara girma. Haka muka hau, ganga a gaba, karnuka a gefe, ni a tsakiya cikin farar shadda kamar angon da ake rakawa. Sun cika alkawari kuwa, duk tsuntsun da ke dutsen nan sun tashe shi. Mun ga bayansu suna tsallaka kwari zuwa wani dutsen. Da yamma aka kawo mana akushi, na buɗe, sai ga makwarwa shida gasassu sun sha yaji. Sarkin baka ya ce in ba su isa ba gobe za a ƙaro. Ba zan ɓoye ba, na ci huɗu, kuma sun yi daɗi. Hadiza ko taɓawa ba ta yi ba.

Bayan an ci, ta sa mayafi ta je da kanta ta durƙusa gaban mai unguwa ta yi masa bayani: ba kamawa za ta yi ba, ba ci za ta yi ba, kallo kawai za ta yi ta rubuta. Ya saurara da kyau, ya ce, "Ikon Allah. A kalle su kawai? To 'yata, gobe mutum uku za su raka ku, ba ganga." A wurinsa wannan ba ƙaramin sassauci ba ne.

Laraba muka hau mu biyar. Abin ya fara kyau. Muka zauna a bakin rafi, Hadiza ta buɗe littafinta. Sai dai ni da Sarkin baka mun riga mun saba, ga shi aljihun rigarsa ya yage, na ce ya kawo in gani, daga nan muka gangara kan tsadar zare. Ƙasa-ƙasa muke yi, a ganina. Can sai na ji wani ɗan tsiwa-tsiwa daga sama, na ɗaga kai, na ga ganye yana motsi, ƙananan tsuntsaye suna ɗigowa cikin bishiyar da ke gabanmu ɗaya bayan ɗaya. Murna ta kama ni. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannu da faffaɗan hannun rigata, na ce da iyakar muryata, "Hadiza! Ga su nan! Wallahi ga su nan!"

Kafin in rufe baki bishiyar ta zama fayau. Muka zauna har rana ta take, ko ɗaya bai dawo ba.

Hadiza ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta rufe littafinta ta sauko. Da la'asar na zaga ta bayan gidan na same ta zaune a gindin rumbu, madubin a cinyarta, tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce, "Yaya, saura gobe da jibi. Ni ba maimaita shekarar ce ta fi damuna ba. Yadda Baba zai fita masallaci a yi ta yi masa sannu, shi nake tunani." Rabon da in ji kunya irin ta ranar tun ina yaro. Na rasa abin cewa, ni da ba na rasa abin cewa.

Muna nan sai ga wata tsohuwar Bafulatana da ƙwaryar nono, Inna Adama, daga rugar da ke bayan dutsen. Ta sauke ƙwarya ta dubi Hadiza.

"'Yar nan, wa ya mutu?"

Hadiza ta yi murmushin dole ta gaya mata. Inna Adama ta tafa hannu.

"Kasuwar tsuntsaye kike nema? Ai kullum sai na gan ta in na je itace. Ba a bin su, 'yar nan, tare su ake yi. Ki je inda rafi ya rabu biyu, akwai baure babba. Ki zauna tun rana ba ta taɓa dutse ba. Da ta taɓa, za su biyo ruwa su hauro. Baƙin tsuntsun nan mai wutsiya biyu shi ke gaba, shi ne mai gadinsu." Sai ta juyo ta dube ni, ta dubi shaddata. "Amma wannan balbelar ku bar ta a gida."

Na ce, "Inna, balbela za ta je, amma ba za a gan ta ba, ba za a ji ta ba."

Matsalar ita ce mai unguwa. In muka je gaishe shi da safe, sai ya haɗa mu da 'yan rakiya, ba zai iya barin mu haka ba. Muka yanke shawarar abin da ban taɓa yi ba a rayuwata: mu fita daga gidan mutum ba mu gaishe shi ba. Alhamis ana idar da sallar asuba na sulale daga sahun baya, na ɗauko bargon nan ruwan ƙasa na lulluɓa tun daga kai har ƙafa, Hadiza ta fito ta ƙofar baya. Duk hanya ina waige-waige kamar wanda ya saci akuya.

Muka sami bauren, muka zauna a jikin wani dutse. Sanyi yana ratsa bargo, tururuwa ta sami ƙafata, tari ya taso mini na haɗiye shi. Ashe shiru aiki ne, ya fi ɗinkin sallah wuya. Rana ta taɓa kan dutse. Jim kaɗan sai ga baƙin tsuntsun nan ya sauka a busasshen reshe, wutsiyarsa a rabe kamar almakashina. Ya yi wani kuka mai kaushi. Daga ƙasan rafi aka amsa masa da tsiwa-tsiwa, tana matsowa. Hadiza ta ɗaga madubi a hankali.

Daidai nan na ji ƙarar sanda a kan dutse a bayanmu.

"Salamu alaikum! Ashe nan kuke! Ɗana, me muka yi muku?"

Mai unguwa ne, shi kaɗai, yana haki. Ya duba ɗaki ba baƙo ba bargo, ya biyo sawunmu. Na san abin da ya kamata: in miƙe, in cire bargo, in durƙusa, in tambayi kwanansa da iyali da gajiyar jiya, in ba da haƙuri. Hakan zai ci minti biyar, tsuntsayen kuwa ba su fi taku ashirin ba. Baƙin nan ya riga ya juyo yana kallonmu. Na dubi Hadiza, ba ta sauke madubi ba, amma na ga leɓenta yana motsi, addu'a take yi.

Na amsa sallamar can cikin maƙogwaro yadda ni kaɗai na ji. Sannan na ɗora yatsa a bakina, na dubi dattijo mai shekara saba'in, abokin ubana, a cikin garinsa, na ce masa ya yi shiru. Ban tsaya nan ba, na kama gefen rigarsa na ja shi ƙasa. Idonsa ya buɗe, gemunsa ya motsa. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncin gidanmu. Ya dube ni, ya dubi Hadiza, ya dubi inda madubinta ya nufa. Sai ya jingine sandarsa a hankali ya zauna kusa da ni. Na buɗe bargo na rufa mana tare, don shi ma farar riga ce a jikinsa.

Suka iso. Ban san yadda zan kwatanta muku ba sai da kasuwarmu ta ranar da ta cika, kowa da layinsa. Can ƙololuwa wasu 'yan mitsi-mitsi ruwan ɗorawa masu farin zobe a ido suna bin ganye ɗaya-ɗaya. Ƙasa da su wasu baƙaƙe masu farin kafaɗa suna reto da ka a ƙasa suna leƙa bayan ganye. Maƙwaƙƙwafi yana jikin kututture yana ta sara abinsa. Wani ja mai doguwar wutsiya kamar an manta ba a yanke zare ba, shi ba ya wahalar nema, ƙwarin da na sama suka tasa yake cafkewa a iska. Ba mai korar wani. Hadiza tana kallo tana rubutu ba ta ko duban takardar.

Ana cikin haka baƙin nan ya ƙwalla wani kuka daban. Kafin ƙiftawar ido kowa ya nutse cikin ganye, kurmin ya yi tsit. Inuwar shaho ta wuce ta kanmu. Da ta yi nisa ya sake wani kukan, kasuwa ta ci gaba da ci kamar ba a yi komai ba. Na ji mai unguwa ya damƙe gwiwata a ƙarƙashin bargo. Sun kai rabin awa a bauren nan da bishiyoyin gefensa, sannan suka bi rafi suka haura, 'yan baya suna gaggawar cim ma na gaba.

Hadiza ta sauke madubi ta ƙirga abin da ta rubuta. "Iri goma sha ɗaya, Yaya," ta ce. "Goma sha ɗaya."

Ni kuwa na yaye bargo na zube gaban mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ina kwana? An tashi lafiya? Ka yafe mini, wallahi ba raini ba ne."

Ya bi tsuntsayen da kallo har suka ɓace. Ya ce, "A gindin dutsen nan aka yanke mini cibiya. Na san mai daɗin nama a cikinsu, na san mai cin gero. Ban taɓa sanin suna da mai gadi ba." Ya juya wajen Hadiza. "Malama, gobe ma za su zo?"

"In Allah ya so, Baba. In ba a yi hayaniya ba."

"Hayaniya? A garina?"

Da yammar nan ya sa mai shela ya zaga gari da ganga, yana faɗa da ƙarfin da Allah ya ba shi cewa gobe daga asuba zuwa hantsi ba mai hawa kurmi, ba mai sakin kare, ba mai daka kusa da rafi, kowa ya yi shiru. Ya yi shelar shirun nan har sau uku, kajin garin duk suka firgice. Juma'a da safe mu uku muka koma gindin baure, mai unguwa ya zo da nasa bargon. Ayarin ya zo, har da iri biyu da ba mu gani jiya ba. Da hantsi muka yi sallama, aka cika mana jaka da acca, Inna Adama ta aiko wa Hadiza da man shanu, ni kuma ta ce a gaida balbela. Asabar kafin azahar madubi yana hannun mai shi.

Makon jiya Hadiza ta dawo gida da sakamako, ta ci, har malamin ya riƙe kwafi ɗaya na aikin don 'yan baya. Ta kawo wa Baba nasa mai baƙin bango. Baba ba ya karanta boko, don haka ya tara mu a tsakar gida ya ce ta karanta masa shafin farko, inda ake godiya. Ta karanta sunansa da na mahaifiyarmu, da malaminta, da Malam Bawa mai unguwar Rafin Gora, da Inna Adama. Sai ta tsaya ta dube ni, ta karanta layin ƙarshe: "Da Yayana Ɗanlami, wanda ya yi mini shiru."

Duk gidan aka fashe da dariya, Baba har da share ido. Aka juyo ana jiran abin da zan ce. Na buɗe baki, na rufe, na tashi na shiga ɗaki.